Cikin Tagwaye: Tambayar Da Ya Kamata Ki Yi Kafin Sati 14

 

Yau da masu cikin tagwaye nake, da duk wadda ke da ƙanwa, ko 'ya, ko maƙwabciya da aka yi wa albishir da biyu. Da zarar mai sikanin ya ce biyu ne, tambayar da muke fara yi ita ce: maza ne ko mata? Hassan da Hussaini ne, ko Hassana da Hussaina? Daga nan sai lissafin kayan jarirai da ragunan suna. Ba laifi. Amma akwai tambayar da ta fi waɗannan amfani a gare ki, kuma tana da wa'adi: mabiyiyarsu ɗaya ce ko biyu?

Amsar wannan tambaya ce ke nuna ko tagwayenki na iya gamuwa da matsalar da likitoci ke rubutawa TTTS, wato jinin ɗaya ya riƙa tsiyayewa zuwa jikin ɗan'uwansa tun suna ciki. Matsalar tana da magani: aiki ne da ake yi da hasken leza a cikin mahaifa, jariran suna kwance a wurinsu. Sai dai lokacin yin aikin taƙaitacce ne, kuma wadda aka gano nata da wuri ce kaɗai ke samun sa.

Tagwaye iri biyu ne

Yawancin tagwayen da muke gani a gidajenmu daga ƙwai biyu suka fito. Uwa ta saki ƙwai biyu a wata ɗaya, kowanne ya zama ɗa. Waɗannan kamar wa da ƙane suke da aka haɗa ɗaki ɗaya: kowa da mabiyiyarsa, kowa da fayarsa, jininsu ba ya gauraya. Suna iya zuwa mace da namiji, suna iya yin kama ko su ƙi. Irinsu ne ke bin dangi, kuma su suka sa Najeriya ta yi suna wajen haihuwar tagwaye, har ake yi wa garin Igbo-Ora na Jihar Oyo kirari da su.

Iri na biyu kuwa ƙwai ɗaya ne ya rabe gida biyu. Su ne masu kama sak, kuma jinsinsu ɗaya. A ko'ina a duniya ana samun su a kamar ciki 3 zuwa 4 cikin 1,000. Idan ƙwan ya rabe a kwana ukun farko, kowanne zai tashi da tasa mabiyiyar. Idan ya ɗan jinkirta zuwa tsakanin kwana 4 da 8, sai su yi tarayya a mabiyiya ɗaya, amma kowa da fayarsa. Kusan kashi biyu cikin uku na tagwaye masu kama sak haka suke.

Mabiyiya dai ita ce naman nan da ke biyo jariri bayan haihuwa, wanda a wasu wuraren ake ce wa uwa. Ta wurinta abinci da iska ke isa ga jariri, su bi igiyar cibiya su shiga jikinsa. Faya kuma ita ce jakar ruwan da yake kwance a ciki.

Yadda jinin ke karkata

Kusan duk mabiyiyar da jarirai biyu suka yi tarayya a kanta tana da ƙananan jijiyoyi da ke haɗa jinin wannan da na wancan. Wannan shi kaɗai ba ciwo ba ne. Muddin abin da ya tafi ya yi daidai da abin da ya dawo, lafiya lau. Ki ɗauka gonaki biyu ne na noman rani a jikin juna, da 'yan magudanai a tsakaninsu. In ƙasar ta daidaita, ruwa zai shiga nan ya koma can, kowa ya sha. In ta karkata gefe guda, sai gona ɗaya ta bushe, ɗayar kuma ta cika har shuka ta ruɓe. Duka biyun asara ce.

A cikin kowane ciki 100 na tagwaye masu mabiyiya ɗaya, 10 zuwa 15 ne ke karkata haka, galibi tsakanin sati 16 da 26. Sauran ba sa gamuwa da matsalar. Na faɗi wannan da wuri don kada hankalinki ya tashi.

Jaririn da jininsa ke tafiya ana kiran sa mai bayarwa. Da jini ya yi masa ƙaranci, sai jikinsa ya fara tattali: ɗan abin da ya rage ya tafi ƙwaƙwalwa da zuciya, ƙoda ta rage aiki, fitsari ya ja baya. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, daga tsakiyar ciki akasarin ruwan faya fitsarin jaririn ne. In ya daina fitsari, fayarsa sai ta ƙafe ta manne masa kamar leda, ya maƙale a gefe guda na mahaifa ba wurin motsi.

Ɗayan kuma shi ne mai karɓa. Jini ya yi masa yawa, sai ya yi ta fitsari don ya rage, har fayarsa ta cika ta batse. Zuciyarsa na ta faman tura jinin da ya fi ƙarfinta. In abin ya daɗe sai ta gaji, ruwa ya taru masa a ciki da ƙirji da ƙarƙashin fata. Don haka wanda ya fi girma a hoton sikanin ba shi ne mai sa'a ba, sau da yawa ma shi ya fi shiga haɗari.

Ke ma uwa abin na taɓa ki. Ruwan da ya yi yawa yana miƙe mahaifa fiye da ƙima, bakinta ya gajarce, faya ta fashe ko naƙuda ta taso a wata biyar ko shida, lokacin da jariri bai isa rayuwa a waje ba. Sannan idan ɗaya ya rasu a ciki alhali jijiyoyin nan na buɗe, jinin mai ran na iya kwarara zuwa jikin mamacin cikin ƙanƙanin lokaci, ya bi shi, ko ƙwaƙwalwarsa ta samu illa. Idan matsalar ta yi tsanani kafin sati 26 aka bar ta ba magani, a kan rasa jariran a kamar 8 zuwa 9 cikin 10.

Ba laifinki ba ne

Babu abincin da kika ci ko kika ƙi ci da ya jawo wannan. Ba aikin gida ba ne, ba hawa babur ba ne, kuma ba a gadon sa. Zancen da ake yi cewa ɗaya ne mai ƙarfi yana cinye rabon ɗan'uwansa, shi ma ba haka ba ne. Tsarin jijiyoyin mabiyiya ne, wanda ya kafu tun kafin ki tabbatar kina da ciki.

Haka kuma babu ƙwaya ko jiƙo ko abincin da zai gyara shi. Maganin ƙarin jini da ake ba ki a wurin awo ki ci gaba da shan abinki, mai cikin tagwaye ta fi kowa buƙatarsa. Amma jininki yake ƙarawa, ba ya hana na jariri ɗaya tsiyayewa zuwa ɗayan.

Me ya sa sai kafin sati 14?

Tsakanin sati 11 da 14, mai sikanin na duba wurin da tantanin da ya raba jariran ya haɗu da mabiyiya. In gindin tantanin ya yi kauri ya yi tsini kamar ƙaramar dala, mabiyiya biyu ce. In ya tashi siriri a miƙe kamar harafin T, ɗaya ce. A wannan lokacin amsar a fili take, da wuya a yi kuskure. Da ciki ya ƙara girma, tsinin nan yakan shafe, mabiyiya biyu ma su manne da juna har su yi kama da ɗaya.

Ki duba takardar sikanin ɗinki, za ki ga wasu haruffa:

- DCDA: mabiyiya biyu, faya biyu. TTTS ba ta shafe ki ba.
- MCDA: mabiyiya ɗaya, faya biyu. Ke ce nake yi wa wannan bayanin.
- MCMA: mabiyiya ɗaya, faya ɗaya. Ba kasafai ake samun sa ba, kuma yana buƙatar sa ido fiye da sauran.

In takardarki ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, ki koma ki tambaya, ki nemi a rubuta miki.

A nan ne al'adarmu ke cutar da mu. Mace takan ɓoye ciki har sai ya fito, wata don kunya, musamman a cikin fari, wata don gudun bakin mutane. Sai wata biyar ko shida ta fara zuwa awo. Sati 14 kuwa wata uku ne da 'yan kwanaki. Kuma ba za ki san biyu ne ba sai an haska, don haka shawarar ta shafi kowace mai ciki: ki yi sikanin ɗin farko kafin ki cika wata uku da rabi. Ba sai duk unguwa ta sani ba, ke da maigida da ma'aikatan asibiti kun isa.

In kin riga kin wuce wannan lokacin, ba a makara gaba ɗaya ba. Idan aka ga mace da namiji ne, ko aka ga mabiyiya biyu a wurare daban, an huta. Idan jinsinsu ɗaya kuma an kasa tantancewa, ƙa'idar likitoci ita ce a ɗauka mabiyiya ɗaya ce, a bi ki da irin kulawarta.

Daga sati 16, sikanin duk bayan sati biyu

Mai cikin MCDA ana yi mata sikanin duk bayan sati biyu, daga sati 16 har zuwa haihuwa. Wannan ita ce shawarar ƙungiyar ƙwararrun sikanin masu ciki ta duniya, ISUOG. Na san da nauyi a aljihu da kuma zirga-zirga. Dalili shi ne TTTS na iya tasowa ta yi tsanani cikin kwanaki kaɗan. Wadda ke zuwa wata-wata na iya barin asibiti komai lafiya, ta dawo ta tarar aikin gama ya gama.

Kuma ba kowane sikanin ne ke wadatarwa ba. Wanda za a ce miki "suna motsi, zuciya na bugawa" a sallame ki bai isa ba. Ana so a auna zurfin ruwan fayar kowanne, a ga mafitsarar kowanne, a auna girmansu, a kuma duba gudun jini a cibiya da na'urar Dofla. Ana tabbatar da TTTS idan ruwan ɗaya bai wuce santimita 2 ba, na ɗayan kuma ya kai santimita 8 ko fiye. Tambayoyi biyu za ki riƙe a duk zuwa: "Nawa ne ruwan kowanne?" da "An ga mafitsarar kowanne?"

Tsakanin sikanin da sikanin, jikinki ma na ba da labari. Ki tafi asibiti ranar, kada ki jira ranar awo, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ciki ya yi girma farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, zanen da kike ɗaurawa jiya yau ya ƙi kai
- fatar ciki ta ɗame tana sheƙi, cikin ya yi tauri kamar ganga
- numfashi na yi miki wuya, musamman in kin kwanta
- ciwon mara ko baya mai zuwa yana dawowa
- zubar ruwa ko jini
- motsin jarirai ya ragu

Za ki ji ana cewa "ai cikin tagwaye dama haka yake." Gaskiya ne yana da girma, amma a hankali yake girma. Wanda ya kumbura cikin sati ɗaya sai an duba.

Matakai biyar

A 1999, wani likita a Amurka, Ruben Quintero, ya kasa matsalar mataki biyar, kuma da su ake aiki har yau. A mataki na 1 ruwan ne kawai ya bambanta, ana ganin mafitsarar mai bayarwa. A na 2 ba a ganin ta, alamar ya daina fitsari. A na 3 Dofla na nuna gudun jinin ɗaya ko duka biyun ya rikice. A na 4 ruwa ya taru a jikin jariri saboda zuciya ta fara gazawa. Na 5 shi ne ɗaya ko duka sun rasu. Ba dole ba ne ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana iya tsallake.

Daga mataki na 2 zuwa na 4, aikin leza ne maganin da ya fi. A mataki na 1, in uwa ba ta jin alamun komai kuma bakin mahaifa bai gajarce ba, ana iya zuba ido da sikanin kowane sati. Wani gwaji da aka wallafa a 2021 ya nuna fiye da rabin waɗanda aka zuba wa ido daga baya sai da aka yi musu aikin, sauran kuma suka kai ba tare da shi ba, kuma sakamakon jariran bai bambanta sosai da na waɗanda aka yi wa nan take ba. Zuba ido a nan yana nufin zama kusa da inda za a iya yin aikin in ta ɓaci.

Yadda ake aikin leza

Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Friedrich Schatz, ya bayyana jijiyoyin da ke haɗa jinin tagwaye. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin a samu hanyar toshe su. Julian De Lia ne ya fara yi da leza a Amurka a 1988, a lokacin sai an buɗe cikin uwa. A farkon shekarun 1990, Yves Ville da Kypros Nicolaides na asibitin King's College da ke Landan suka mai da shi aikin da ake yi ta 'yar ƙaramar kafa a fata.

Leza haske ne mai ƙarfi da aka tattara a ɗigo ɗaya, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Ana yi wa uwa allurar kashe zafi a wurin, ko allurar baya, yawanci idonta biyu. Likita na kallon sikanin, sai ya shigar da wani siririn bututu mai kyamara, kaurinsa kamar milimita 3, ta fatar ciki zuwa cikin fayar mai karɓa, domin nan ne ruwa ya yi yawa, akwai sarari. Sai ya bi fuskar mabiyiya yana neman duk inda jijiyar wannan ta haɗu da ta wancan, ya haska mata leza har ta ƙone ta toshe. Jariran ba a taɓa su. A ƙarshe a zuƙe rarar ruwan, wani lokaci ya haura lita ɗaya, nan take uwa ta ji ciki ya saki. Aikin kan ɗauki kamar awa ɗaya, a kwana ɗaya ko biyu a asibiti.

In muka koma misalin gonakin nan, an toshe magudanan da ke tsakani ke nan, kowa ya tsaya a kan rabonsa.

Akwai ƙarin dabara da ake kira ta Solomon, wato bayan an ƙona jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, sai a ja layi da leza daga wannan gefen mabiyiya zuwa wancan, don kada wata siririya ta ɓuya. An ɗauko sunan daga ƙissar hukuncin Annabi Sulaimanu tsakanin mata biyu masu jayayya kan jariri, sai dai a nan mabiyiya ake rabawa. A gwajin da likitocin Leiden ta ƙasar Holan suka jagoranta kan mata 274, wanda aka wallafa a 2014, dawowar matsalar ta ragu daga kashi 7 zuwa 1 cikin 100. Wata 'yar'uwarta mai suna TAPS, inda jini ke ɗiga a hankali ta jijiyar da aka bari har ɗaya ya ɗashe ɗayan ya yi jajir, ita ma ta ragu daga kashi 16 zuwa 3.

Yana aiki kuwa?

Kafin leza, abin da ake yi shi ne a soka allura a zuƙe ruwan da ya yi yawa, in ya sake taruwa a sake zuƙewa. A 2004 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Turai mai suna Eurofetus, inda aka kwatanta hanyoyin biyu a kan mata 142. A ɓangaren leza, kashi 76 cikin 100 sun samu aƙalla jariri ɗaya da rai bayan kwana 28 da haihuwa. A ɓangaren zuƙe ruwa, kashi 56. Masu leza sun kai wajen sati 33 kafin su haihu, ɗaya ɓangaren sati 29, kuma illar ƙwaƙwalwa ta fi ƙaranci a jariran leza. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa.

Hannu ya ƙara faɗawa tun daga lokacin. A manyan cibiyoyin da suka saba da aikin, yau kusan 9 cikin 10 na komawa gida da aƙalla jariri ɗaya, kusan biyu cikin uku kuma da duka biyun.

Ki lura, ba kowa ke samun duka biyun ba. Wani lokaci rabon mai bayarwa a mabiyiyar ƙarami ne ƙwarai, da an raba sai ya kasa isar sa. Ko a nan aikin bai tashi a banza ba, domin toshe jijiyoyin na kare wanda ya rage daga bin ɗan'uwansa. Babban haɗarin aikin shi ne fashewar faya kafin lokaci. Yawancin jariran bakwaini ake haifar su, galibi wajen sati 32 zuwa 33, kuma kamar 1 cikin 10 na waɗanda suka rayu kan taso da wata matsala ta girma ko ta ƙwaƙwalwa. Ga uwa, zubar jini ko shigar ƙwayar cuta na iya faruwa, amma ba kasafai ba.

Idan ta zo da wuri sosai

An saba yin aikin tsakanin sati 16 da 26. Jefi-jefi matsalar kan bayyana tun sati 14 ko 15, kuma wannan na sa likitoci a tsaka mai wuya. Faya tantani biyu gare ta, na ciki da na waje, kuma ba sa gama mannewa da juna sai wajen sati 16. In aka huda kafin nan suna iya rabuwa, ruwa ya zube. Ga shi mahaifar ƙarama ce, sararin aiki kaɗan ne.

Saboda haka in matsalar ba ta yi tsanani ba, a kan ja lokaci da sikanin akai-akai har a kai sati 16. In kuwa ta kai matakin da jira zai iya cinye jariran, cibiyoyin da suka ƙware na yin aikin kafin nan, bayan sun yi wa iyaye bayanin cewa haɗarin fashewar faya ya fi yawa. Amma duk wannan lissafin sai ga wadda aka riga aka san mabiyiyarta ɗaya ce. Wadda ba ta fara awo ba a sati 15, babu wanda zai ga komai balle ya yanke shawara.

Bayan sati 26 kuma ruwan faya ya fara gurɓacewa, jijiyoyin sun yi kauri, aikin ya ƙara wuya. A lokacin a kan auna tsakanin zuƙe ruwa don a ja lokaci da kuma ciro jariran a kula da su a waje.

Bayan aiki

Za a yi miki sikanin washegari, sannan kowane sati na ɗan lokaci, daga baya a koma sati bibbiyu. Alamar farin ciki ta farko ita ce a sake ganin mafitsarar mai bayarwa ta cika, ruwan fayarsa ya fara dawowa. Ki rage aiki mai nauyi, ki bar ɗaukar ruwa da daka. Zubar ruwa, jini, zazzaɓi ko ciwon mara, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. In komai ya tafi daidai, ba a bari cikin ya kai sati 37, likita zai tsayar miki da rana kafin nan.

Idan leza ta yi miki nisa

Mu faɗa wa juna gaskiya. Aikin nan na buƙatar na'ura mai tsada da hannun da ya saba, shi ya sa ko a ƙasashen Turai 'yan cibiyoyi ƙalilan ne ke yin sa, sauran asibitoci can suke turawa. Ga yawancinmu, samun sa na nufin doguwar tafiya da kuɗi masu yawa, kuma cikin kwanaki ake so a yanke shawara. Don haka da zarar an ce MCDA ne, ki nemi a tura ki wurin ƙwararren likitan mata a babban asibiti, irin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, ko mafi kusa da ke a inda kike. Ki tambaye shi tun ranar farko: in abin ya taso, ina za a tura ni, kuma nawa zai ci? Ki je da maigida ya ji da kunnensa. Maganar da aka yi a sati 13 cikin natsuwa ta fi wadda za a yi a sati 20 cikin kuka.

In leza ba za ta samu ba, kada ki ce shi ke nan ki koma gida. Zuƙe ruwa bai kai leza ba, amma ya fi zama haka nesa ba kusa ba: ki tuna kashi 56 ɗin nan. Yana sassauta miki, yana kuma iya jan cikin zuwa lokacin da jariran za su iya rayuwa. Sai dai in akwai niyyar zuwa a yi leza, a tuntuɓi masu yin ta kafin a zuƙe, domin sokawar na iya sa jini ya gurɓata ruwan ko tantani ya rabu, aikin ya yi wuya daga baya. Akwai kuma allurar da ke ƙarfafa huhun bakwaini in an ga haihuwa ta matso. Sannan ki haihu a asibitin da ke da ɗakin jarirai da kwalba da jinin ƙari, domin ɗaya na iya buƙatar jini da zarar ya faɗo. Cikin tagwaye masu mabiyiya ɗaya ba na haihuwar gida ba ne, komai ƙwarewar ungozoma.

Abin da za ki riƙe

1. Sikanin ɗin farko kafin sati 14, ko kina zaton ɗaya ne.
2. In biyu ne, a rubuta miki DCDA, MCDA ko MCMA.
3. In mabiyiya ɗaya ce, sikanin duk bayan sati biyu daga sati 16, a auna ruwa a duba mafitsara.
4. Ki ɗauki hoton kowace takardar sikanin da wayarki, likitan da za a tura ki wurinsa zai so ya ga yadda abin ya faro.
5. Cikin da ya kumbura farat ɗaya ba ya jiran ranar awo.

Ki tura wa duk mai cikin tagwaye da kika sani, musamman wadda cikinta bai kai wata huɗu ba. Iyayen tagwaye da suka riga suka sauka, ku faɗa mana a ƙasa: a wata nawa aka gaya muku biyu ne, kuma an yi muku maganar mabiyiya kuwa? Masu tambaya ku ajiye, zan amsa abin da ya sawwaƙa. Amma don Allah kada ku saka hoton takardar asibiti mai ɗauke da sunanku, kuma wadda ke jin ɗaya daga cikin alamun da na lissafa ta wuce asibiti tukuna, ta rubuto daga baya.

Sati mai zuwa za mu duba yadda ake kula da bakwaini bayan an sallamo shi gida. Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana Hassan da Hussaini, har su ga Gambo.